Takardun da Ruwa Ya Taɓa

Shekarar da gulbi ya shigo Bunza ba sallama,
ya ci katangarmu ta gabas, ya ci rumbu biyu,
ni aka tura ɗakin marigayi Malam Jabbo,
ruwa iya gwiwa,
na fito da gafaka uku a ka.

Da rana ta buɗe
muka baza takardun bisa tabarmin shanyar shinkafa,
shafi-shafi, kowanne da tsakuwa a kai.
Maƙwabta na leƙowa ta inda katanga ta faɗi:
"Hannun Malam ke nan, Allah jiƙan maza.
Dubi jan wasali, kamar an jera barkono."

Ni ma da wannan magana aka yaye ni.
Sai ina tsugune ina korar kaji,
idona ya faɗa gefen wani shafi
inda littafin ke lissafin jinin biƙi,
kwana kaza, hukunci kaza.
Can a gefe, da ƙanƙanen rubutu:
"Nan a tambayi mata.
Na haifi tara, ba biyun da suka zo iri ɗaya."

Na ɗaga na gaba, yana ɗiga.
"Ige, shinkafa tiya uku, sai ran kasuwa."
Tawada ɗaya. Hannu ɗaya.
Wutsiyar nunun nan mai lanƙwasa kamar lauje
ita ce a bashin Ige,
ita ce a babin alwala.

Kakana bai taɓa auna shinkafa ba.
Kuma yana ta rufe masa ido
shekara goma sha biyu kafin ya cika,
amma littattafai ba su fasa fita zaure ba,
sababbi, suna ƙamshin ƙaro,
da sunansa a ƙarshe.

Sai na tuna baƙin yatsun Kaka Yalwa
da muke cewa na daddawa ne.
Na tuna tana kankare gindin tukunya cikin ƙoƙo,
na tuna aci-balbal bayan lisha
da inuwar da ke sunkuye a bango
har zakara ya yi na fari.
Da asuba kuwa ita ce a turmi.

A makaranta, can Birnin Kebbi,
na haddace jerin masu alƙalami don jarrabawa.
Matan ciki ba su cika yatsun hannu ba.
Ban taɓa tambaya ba:
sauran suna gefen shafin wa?

Na kai wa Liman Dikko shafin a leda.
Ya daɗe yana dubawa.
Ya ce, "Ladanta na ajiye inda ruwa bai kai, ɗiyata.
Mi za ta yi da suna?"
Na ce, "Allah gafarta Malam,
to shi mi ya yi da shi?"
Ya ja carbi uku,
ya ce a miƙo masa buta.

Na same ta gindin durumi
tana tsintar tsakuwa a faifai.
Shekara tamanin da wani abu,
ido garau kamar na shaho.
Na ajiye shafin bisa cinyarta.
Na zo da magana cike da baki,
ta haƙƙi, ta tarihi, ta a kira taro a faɗa.

Ba ta ɗago ba.
Ta bi layin da farcen babban yatsa,
leɓenta na motsi,
ta tsaya.

"Ki juya su kafin la'asar, kada su manne.
Kuma nemo mini na arba'in da ɗaya.
Akwai ɗigon da na tsallake a layi na shida,
ranar tuwo na kan wuta, ubanki na kuka.
Shekara hamsin yana damuna.
Feƙe mini kara."